Asabar a Sant'Agata, gaban Miura

Bayan sallar asuba na kama bas daga Bologna zuwa Sant'Agata Bolognese a ƙasar Italiya. Ɗan ƙaramin gari ne, gonaki sun kewaye shi ta ko'ina, kuma a nan masana'antar Lamborghini take, gidan tarihinta na jikinta. Motoci birjik a ciki, amma ƙafata ba ta tsaya ba sai gaban Miura.

Gajartarta ce ta fara kama ni. Daga ƙasa zuwa rufi ba ta wuce santimita 105 ba, da ƙyar ta haura ƙuguna. Fitilun gaba a kishingiɗe suke, an zagaye su da wasu baƙaƙen ƙarafa kamar gashin ido. Na ɗan kalle su, sai na zagaya baya, don wanda ya tashi a gareji inji yake nema.

Ferruccio Lamborghini da tarakta ya yi arziki. Da ya buɗe kamfanin mota a 1963, burinsa motar alfarma ta doguwar tafiya, ba ya son harkar tsere. Samarin injiniyoyinsa uku ne suka ƙi haƙura: Gian Paolo Dallara, Paolo Stanzani da Bob Wallace ɗan New Zealand, ba wanda ya cika shekara 30 a cikinsu. Sai an tashi aiki suke zama su yi zanen motar da ta zama Miura. A bikin baje kolin motoci na Turin a 1965 shasi tsirara suka nuna, ba bodi, kuma a hakan masu kuɗi suka fara cewa a rubuta sunansu. Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya yi mata bodi yana da shekara 27, aka kai ta baje kolin Geneva a Maris 1966. Sunan ma na wasu bijiman faɗa ne na ƙasar Sifen.

Abin da ya tsayar da ni kusan awa guda shi ne yadda aka zaunar da injin. Silinda 12 ne, lita 3.9, ƙarfin doki 350, asalin zanen injiniya Giotto Bizzarrini. Inji mai wannan tsawo in aka miƙe shi a bayan direba, motar za ta yi tsawo fiye da kima. Sai suka gicciye shi, kai a wannan gefe, gindi a wancan, suka zuba giyabos a jiki ɗaya da shi. Kafireta huɗu na Weber suna zaune a sama, ɗan gilashi ne kawai tsakaninsu da ƙeyar direba.

Dabarar ta zo da nata ciwon. Inji da giya baƙin mai ɗaya suke sha, kuma duk wanda ya taɓa juye man giyabos ya san garin ƙarfen da ke biyo shi. Wannan garin ne zai riƙa zagayawa cikin inji. Sai a Miura SV, wadda ta fito a 1971 da ƙarfin doki 385, aka zo aka raba musu mai. Ga tankin fetur a gaba: yana raguwa hancin motar na rage nauyi, in an taka ta sosai iska ta nemi ɗaga shi. Wallahi wannan bai rage mata daraja a idona ba. Hanyar da suka bi sabuwa ce gare su, dole su yi tuntuɓe a kanta, kuma sun koma sun gyara abin da zai gyaru kafin a daina ƙera ta a 1973.

Na tura wa maigidana na Kano, wanda ya fara damƙa mini sifana a hannu, hoton motar. Nan take ya kira.

"Kai, wannan ta ina ake sa hannu a cire fulogi?"

"Ranka ya daɗe, bayan gaba ɗaya ake ɗagawa, har da murfin tayoyi."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, wanda ya yi ta ya tuna da bakanike. Zano mini yadda giyar ta zauna."

A bas ɗin dawowa na zana masa a bayan tikitina. Ban gamsu da yadda na nuna wurin kuloci ba, gobe in Allah ya kai mu zan sake shi a babbar takarda.