Katan 140 na madara da sunana a kai

Ranar Asabar zan miƙa makullan ofis, bayan shekara shida ina riƙe da lissafin wani gidan sari a Jos: shago kusa da Terminus, babban sito a Bukuru, da ƙaramin reshe a hanyar Bauchi. Yaron da zai gaje ni ya roƙa in rubuta masa abin da zai kiyaye. Na zauna da niyyar bayanin rasit da rufe lissafin wata, sai hannuna ya yi ta komawa kan abu guda.

Ni na kawo maganar manhajar ERP gidan, a 2021, wato manhajar kwamfuta da ke haɗa duk lissafin kasuwanci wuri ɗaya. Kafin nan kowane reshe da littafinsa, ni kuma ina haɗa su a Excel duk ƙarshen mako, in da rabo su yi daidai. Alhaji, mai dukiyar, bai yarda da kwamfuta ba. Amma yana cikin waɗanda gobarar kasuwar Terminus ta 2002 ta cinye wa dukiya, kuma har yau idan ya tuna, littafin bashin da ya ƙone yake ambata, ba kayan ba. Ta nan na shiga masa. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan littafi ne da wuta ba ta ci.” Kuɗin manhajar SAP ya fi ƙarfinmu, sai muka ɗauki Odoo, wadda wani kamfanin Beljiyam ya yi, tana kuma da samfurin da ba a biya.

Aikinta ba wani siddabaru ba ne. Ciniki da sito da bashi da asusu duk wuri ɗaya suke zuba. Mai karɓar kuɗi ya sayar da katan goma na taliya a Terminus, nan take sun ragu a lissafin kaya, bashin kwastoman ya hau, ni ma na gani a teburina. A taron farko na bugi ƙirji a gaban kowa na ce daga yau allura ba za ta ɓata ba a san wanda ya taɓa ta ba, domin duk abin da mutum ya shigar da sunansa ake rubutawa.

Manajan sito ƙanin matar Alhaji ne, kuma ya girme ni. An buɗe masa nasa shafin, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. Wata rana mota tana jira a Bukuru, ya kira ni: “Akawu, ba ni lambar sirrinka in saki kayan nan, direba yana ta min tsiya.” Na san bai kamata ba. Kunya ce ta kama ni, da tsoron a ce yaron nan ya fara jin kansa don ya iya kwamfuta. Na karanta masa ita ta waya, ban kuma canja ta ba.

Shafina yana da ikon da nasa ba shi da shi: gyara adadin kaya da cire wanda ya lalace. Wata bakwai ana cire madara kaɗan-kaɗan da sunan ta jiƙe ko ɓera ya huda, yau katan uku, jibi biyar. Da yake an cire a manhaja, duk ƙirgar da muka yi sai ta zo cif. Ɗan Alhaji ne, da ya zo hutu daga jami'a, ya buɗe rahoton kayan da suka lalace don ganin ƙwaf. Katan 140. Kowane layi da sunana.

Ba zan manta zaman nan ba. Alhaji ya juyo da fuskar kwamfutar wajena ya ce, “Malam, ba kai ka ce wannan abin ba ya ƙarya ba?” Manaja yana gefe yana jan carbi. Aka yanke a riƙa cire rabin albashina.

Manhajar da ta kama ni ita ce ta ɗan wanke ni, domin bayan suna tana ajiye rana da lokaci. Na kwana biyu ina bin layi-layi, na tarar goma sha ɗaya daga ciki an shigar da su a makon da nake Kano wajen rasuwar mahaifiyata, makon da shi kansa Alhaji ya zo min gaisuwa. Na buga a takarda na kai masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, “Allah ya kyauta.” Aka daina cire kuɗin bayan wata huɗu. Wanda aka cire bai dawo ba, Manaja kuwa aka mai da shi reshen hanyar Bauchi. Surukuta ta fi rahoto nauyi, na gane.

Duk da haka ba na da-na-sanin kawo ta. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ciniki ya koma taransifa da POS, maƙwabtanmu suna ta rigima da kwastomomi kan wa ya biya wa bai biya ba, mu kuwa kowane alat yana manne da rasit ɗinsa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki naira a Yuni, farashi yana sauyawa kusan kullum. Sau ɗaya nake gyarawa ya hau rassa uku. Harajin VAT na kashi 7.5 da kansa yake fita. Bashin da Alhaji yake zaton ya san kansa, da aka jera masa wanda ya haura kwana 90, sai da ya cire hula.

Sauran abin da na rubuta wa yaron gajere ne. A ƙirga kaya da hannu kafin a zuba adadin farko. A tsai da ko katan ake sayarwa ko dozin, kada a cakuɗa. A sayi inbata, don wuta ba ta da alƙawari. Mai cire kayan da ya lalace daban, mai amincewa daban. Wannan ni na saka bayan abin ya faru, kuma tun daga nan ɓerayen Bukuru suka daina shan madara.

Shekaranjiya na shigo ofis na tarar da Manaja a tsaye kan teburin yaron, ya kawo masa tsire a takarda, yana tambayarsa ko ya saba da kwamfutar.