Zumar Baba da jan ruwan da ya ruɗe ni

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji, aikin binciken da aka ba ni shi ne in auna sukari da ma'adanan da ke cikin zumar da ake sayarwa a garinmu. Na yi murna da aikin, don gidanmu ba a rabuwa da zuma. Da ita ake shan fura, da ita da lemun tsami ake maganin tari, kuma tun muna makarantar allo muka san darajarta. Kwalba biyar na tara: uku daga kasuwa, ɗaya daga kanti mai tambarin kamfani, ta biyar kuma daga hannun wani dattijo da muke kira Baba. Yana da amya a kan bishiyoyin ɗorawa a ƙauyensu, kuma tun ina ƙarami shi ke kawo wa mahaifiyata zuma.

Abin da aka ce in yi awo ne kawai. Amma abin da ke raina daban: so nake in gano wace ce ta gaske, wace ce ta algus.

Da ruwan Benedict na fara, wannan shuɗin ruwan gwajin sukari da duk ɗalibin kimiyya ya sani. Na tsarma kowace zuma da ruwa, na zuba shi, na dafa cikin ruwan zafi. Duka biyar suka bar shuɗi suka bi ta kore da ruwan ɗorawa, suka tsaya a jan bulo. Ruwan sukarin shayi da na ajiye gefe don kwatance bai motsa ba, shuɗi ya shiga, shuɗi ya fito. Dalili shi ne sukarin rake, wato sukuros, ƙananan sukari biyu ne, gulukos da furuktos, a ɗaure, kuma ɗaurin ya hana shi taɓa sinadarin tagullar da ke cikin ruwan gwajin. Sai da na tafasa shi da ɗan asid, na kashe tsamin da bakin soda, sannan shi ma ya yi ja. Wannan kwance ɗaurin shi ne aikin da ƙudan zuma ke yi wa ruwan fure da wani sinadari na jikinsa, shi ya sa zumar da ta nuna kusan kashi 38 cikin ɗari furuktos ce, kusan 31 gulukos, ruwa kuma wajen 17. Nan na fahimci cewa mai ha'incin da ya dafa sukari da lemun tsami ko tsamiya ya yi abin da na yi a kwalbar gwaji, kuma ruwan Benedict ba zai taɓa raba nasa da na ƙudan zuma ba.

Akwai gwajin da aka yi musamman don irin wannan mutumin, gwajin Fiehe. Duk lokacin da aka dafa sukari da tsami, wani sinadari da ake taƙaita sunansa da HMF yakan fito. Ana tsamo shi daga zumar, a ɗiga masa ruwan rizosinol da aka haɗa da asid mai ƙarfi. In ya yi jawur kuma jan ya zauna, HMF ya yi yawa. Ɗaya daga cikin na kasuwa ta yi ja. Ta Baba ma ta yi ja.

Ban jira komai ba. Da daddare na ce wa mahaifiyata, "Umma, ashe zumar Baba haɗi ce, na gwada da hannuna." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Shekara nawa muna tare da bawan Allahn nan." Da ya zo da galan ɗinsa bayan mako biyu, sai aka ce masa akwai saura. Ta kuma faɗa wa maƙwabciyarmu, wadda ita ma wajensa take saya. Magana zarar bunu ce, kuma ni na zare ta.

Awon ma'adanai ne ya biyo baya, kuma shi ne ya fi cin rai. Ana auna giram 5 na zuma a ɗan kaskon tangaran, a fara ƙona ta a hankali a kan wuta kaɗan, don in an gaggauta takan kumfo ta malale. Malamin da ke kula da ɗakin gwajin, wani dattijo mai ƙarancin magana, shi ya nuna mini a ɗiga man zaitun don kumfar ta kwanta. Bayan ta zama gawayi sai a saka ta a tanderun lantarki mai zafin digiri 550 zuwa 600, har ta koma farar toka, wadda ita ce ma'adanan da ke cikinta. Sau biyu wuta ta ɗauke mana a tsakiyar aiki muka sake daga farko. Abin da ke saura ɗan mitsitsi ne: zumar da tokarta ta kai kashi 0.2 cikin ɗari, miligiram 10 kawai za ta bari daga giram 5. Numfashi mai ƙarfi kusa da kaskon ya isa ya ɓata aikin yini guda.

Na narkar da tokar da asid, na tsoma waya na kai bakin wuta, don launin da harshen wutar ya yi shi ke nuna ma'adanin da ke ciki. Ruwan ɗorawar sodiyum ya rufe komai, sai da na leƙa ta shuɗin gilashi sannan na hango launin fotashiyum, shunayya mai haske. Shi ne ma'adanin da ya fi yawa a zuma, sai kalsiyum da magniziyum da ɗan ƙarfe. Amma duk yawansa, fotashiyum ɗin da ke cikin cokali babba na zuma bai wuce miligiram 11 ba a matsakaici, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu wajen 3,500 a yini. Wanda ke shan zuma don ƙarin jini ko ƙarfin ƙashi, wake da zogale sun fi masa. Haka kuma na daina yin shiru in na ji ana ce wa mai ciwon sukari ya sha zuma iya son ransa: kusan kashi 80 cikin ɗarinta sukari ne.

Da na jera sakamakon, ta kasuwar nan da ta yi ja kusan ba ta bar toka ba, kamar yadda ruwan farin sukari ba ya bari. Ta Baba kuwa ita ta fi kowace toka. Malam ya daɗe yana duban takardar, ya ce, "Ɗana, sukarin kanti a ina zai samo wannan tokar?" Na ce ai ta faɗi gwajin Fiehe. Ya ce, "Me gwajin ya nuna maka?" Na ce algus. Ya ce, "A'a. HMF ya nuna maka. Algus kai ka faɗa." Ya sa na tsarma zumar, muka bar ta ta kwanta, muka ɗora gurbin a madubin ƙara girma. Ƙwayoyin garin fure ne birjik.

Ranar Asabar na hau mota zuwa ƙauyen Baba. Ban gaya masa abin da ya kawo ni ba sai da na ga yadda yake aikinsa. Da dare yake ɗiban zuma da hayaƙi. Farar saƙa yakan ware ta ya sayar da tsada. Sauran saƙar, baƙa da ja, sai ya zuba a tukunya ya ɗora a murhu har kakin ya narke ya taso, ya kwashe, ya tace, ya ɗura a galan. Galan ɗin kuma a rumfar kwano suke zama wata da watanni, har cikin zafin Afrilu. Zafi da daɗewa su ma suna haifar da HMF a zumar da ba a sa mata ko ƙwayar sukari ba. Wannan sananne ne, har ma'aunin zuma na Codex, hukumar da ke tsara ma'aunin abinci na duniya, ya yi la'akari da shi: iyakar HMF miligiram 40 ce a kilo, amma ga zumar ƙasashe masu zafi an ɗaga ta zuwa 80. Yana nan a takardun da aka ba ni tun farkon zango. Na karanta iyakar ruwa, kashi 20, na karanta ta sukuros, giram 5 cikin 100, na tsallake layin da ya shafi mutumin da na ɓata wa suna.

Ba zan ce ɗakin gwajinmu ya wanke zumar Baba tas ba, don ba shi da ƙarfin haka. Tabbatar da cewa an zuba sukarin rake ko na masara sai da na'urar da ke bambance nau'o'in kabon, wadda sai manyan ɗakunan bincike. Abin da nake da shi toka ce, da garin fure, da tukunyar da na gani da idona, kuma dukansu sun karkata wajensa. Gwaje-gwajen bakin kasuwa kuwa, na tsoma ashana a kyasta ko ɗiga zuma a kofin ruwa, kauri da yawan ruwa kawai suke nunawa, kuma sukarin da aka dafa ya yi kauri zai haye su lafiya. Zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki ma, da mutane ke ƙi, sau da yawa gulukos ɗinta ne ya yi yawa.

A gindin ɗorawa na faɗa masa komai, har abin da na gaya wa Umma. Na ce, "Baba, ka yafe mini, na yi maka ƙazafi." Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya. To amma wutar nan, ka ce tana rage mata kyau?" Na ce tana kashe wasu sinadaran da ƙudan ya zuba mata, tana kuma canza ƙamshinta. Ya tambayi yadda zai raba ta da kaki ba tare da tukunya ba. Muka yanka saƙa ƙanana, muka ɗaure farin ƙyalle a bakin bokiti, muka rufe, muka ajiye a inuwa. Da safe ta tsiyaye fiye da rabi.

A rahotona, a gaban kwalba ta biyar, na rubuta: HMF ya yi yawa, toka ta yi yawa, akwai garin fure, an dafa ta a wuta. Umma da kanta ta shiga gidan maƙwabciyarmu ta warware maganar. Maƙwabciyar ta riga ta saba da wani mai zumar, ba ta koma wajen Baba ba.