Aikin sanya allunan kare zafi a jikin rafta a Jidda

Yawancin gidajen Jidda rufin kankare ne da su, saboda haka aikin rafta (katako ko ƙarfen da ke ɗauke da rufin kwano) da ƙaramin kamfanina yake samu yana fitowa ne daga ɗakunan da ake ƙarawa a saman bene, da gidajen istiraha (gidajen shaƙatawa) na bayan gari, da ɗakunan ajiya masu rufin kwano. Tun da aka ƙara kuɗin wuta a watan Janairun 2018, yunit ɗin gida ya koma halala 18 (halala ɗari ne riyal ɗaya) har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, masu gida da kansu suke nemanmu, domin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne yake cinye mafi yawan wutar da suke biya.

Allunan kare zafi iri biyu muke aiki da su, dukansu na daskararriyar kumfar roba: folistirin mai tauri, da foliyuritan mai rufin alminiyom, wanda ya fi tsada amma ya fi tare zafi idan kaurinsu ɗaya. Sanya allon abu ne mai sauƙi, gwanintar tana wajen toshe kafa. Da wuya a sami rafta biyu da tazararsu ta daidaita daga sama har ƙasa, don haka kowane gurbi sai an auna shi a wuri uku kafin a ɗauki zarto. Muna rage allon da kimanin rabin santimita a kowane gefe, mu tura shi, sannan mu bi gefen da kumfar da ake fesawa da bindiga har ta cika ramin. Tsakanin allon da kwanon kuwa muna barin sarari domin iska ta riƙa wucewa, musamman da yake folistirin ba ya jure zafin kwanon da rana ta gasa.

Inda nake yawan saɓa wa masu gida shi ne shimfiɗar alluna ta biyu, wadda ake yi a ƙarƙashin raftar da dogayen sukurori masu faffaɗan wosha. Suna ganin ɓarnar kuɗi ce. Amma idan raftar ƙarfe ce, zafi yana bin ta ya shigo ɗaki, kuma duk wanda ya shafa silin da la'asar zai ji layukan ɗumi daidai inda ƙarfen ya bi.

Sai batun laima, wato danshi, wanda takardun kamfanonin Turai suke rikita ma'aikata a kansa. A can cikin ɗaki ne yake da ɗumi, don haka ta ciki suke tare tururi. A nan kuwa iskar Bahar Maliya ce take ɗauke da danshi, ɗakin kuma mukayyif ya sanyaya shi, saboda haka laimar daga waje take kutsowa, ta zama ruwa a bayan silin idan ta sami kafa. Shi ya sa nake dagewa a toshe mahaɗar allunan sama sosai, har da tef ɗin alminiyom, kafin a rufe.

Gam mai sinadarin narkarwa yana cin folistirin, wayar wuta kuma sai ta bi ta cikin bututu, sannan dole a rufe komai da allon jibis saboda gobara. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, don haka a waɗannan watanni muna hawa rufi da an idar da sallar Asuba.