Daga Landan zuwa New Orleans: Faransanci a bakin Turawa biyu

Ni ɗan Maradi ne, da Faransanci na yi lakwal tun daga ajin farko. Ingilishi kuwa a Katsina na tsince shi wurin dangin mahaifiyata, rediyo ya ƙarasa mini sauran. Da tafiya ta kama ni zuwa Ingila da Amurka a jere cikin watan Oktoba, zumunci ne ya fitar da ni, amma kunnena ya samu aikin da ban shirya masa ba. Ko'ina na juya sai in ji kalmar da na sani tun ina yaro a Faransanci ta fito daga bakin Bature da wata kama, in na haye teku kuma ta sake wata.

Ɗan ƙanwata ne ya tarbe ni a filin jirgin Heathrow. Muna hanya ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, sai mun biya gareji, wata fitila ta kunnu a gaban motar." Bakaniken, wani dattijo mai tabarau, da yake kwatanta mana inda za mu ajiye motar sai ya ce GA-rij. Zan riƙa rubuta gaɓar da suke dannawa da manyan baƙaƙe, don a nan duk maganar take. Kalmar garage ce, ta Faransa, wadda ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 20 tare da zuwan mota. Ba ta daɗe ba mutanen Ingila suka ja nauyinta zuwa gaba, da yawansu kuma suka datse wutsiyarta. Daga bakinsu garejinmu ya fito.

Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshenmu na karin sauti ne, kunnenmu ya saba da bin hawa da saukar murya. Cikin 'yan kwanaki na gane tsarin. Wurin shan shayi KA-fe ne. Abincin ɗebi-da-kanka BU-fe. Rawar nan ta kan yatsun ƙafa da ake tallarta a bangon tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa BA-le. A kasuwar Peckham, inda 'yan Najeriya suka yi yawa har kana jin ƙamshin daddawa da busasshen kifi daga bakin titi, mai kifi ya tambaye ni ko ya yanka mini FI-lit, wato tsokar kifi marar ƙaya, ya kuma furta t ɗin ƙarshe raɗau, abin da Bafaranshe ba zai taɓa yi ba.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa daga Charing Cross zuwa wani ƙaramin gari da ake kira Battle, kusa da Hastings. Ni na matsa a je. A nan ne ranar 14 ga Oktoban 1066 William, mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya karya rundunar Sarki Harold ya ci Ingila. Filin yana nan, gangare ne mai ciyawa shar, tumaki na kiwo a gefe. A saman tudun akwai kangon majami'ar da William ya sa aka gina, da wani dutse a ƙasa da ke nuna inda aka ce Harold ya faɗi. Iska mai sanyi na kaɗawa, yaran makaranta na guje-guje da takubban katako.

Na daɗe a tsaye a wurin, domin daga wannan gangaren ne Faransanci ya hau gadon mulki a Ingila. Kusan shekara 300 shi ne harshen fada da na shari'a da na masu ƙasa, talaka na can da Ingilishinsa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Har gobe, idan sarki ya amince da doka, da tsohon Faransancin Normandi ake rubuta amincewar a kanta a majalisar dattawansu. Dubban kalmomi suka malalo a wannan zamani: na kotu, na soja, na girki, na sutura. Shi kuwa Ingilishi tun asali ɗabi'arsa ce ya danna gaɓar farko. Duk kalmar da ta kwana ta tashi a bakin talaka sai ta bi wannan hanya. Village, marriage, courage, message, duk 'yan uwan garage ne ta wajen wutsiya, amma yau babu wanda yake jinsu baƙi, a Landan ko a Amurka. Abin da bakaniken nan ya yi wa garage shi ne abin da kakanninsa suka yi wa village shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

A jirgin dawowa mun zauna da wani tsohon soja mai son hira. Da ya faɗi muƙamin da ya bar aiki da shi sai na ji lef-TE-nant, alhali babu f ko ɗaya a rubutun lieutenant. Ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, "Kawu, ka ji laftanar ɗinku." Haka ne kuwa. Sojan Ingila ne suka kawo f ɗin nan barikin Zariya da Kaduna, ta zauna daram a Hausa. Tsohon ya ji ina da Faransanci, sai ya ciro taswira a wayarsa yana gwada ni da sunayen wurare. Beaulieu, ƙauyen da ke da babban gidan adana tsofaffin motoci a kudancin Ingila, BYU-li suke cewa. Belvoir ya koma BI-va. Titin Beauchamp da ke unguwar Knightsbridge a Landan BI-cam ne. Ya faɗe su yana alfahari, kuma na ga dalilinsa: sunayen sun zama nasu, sun lashe su yadda suka ga dama.

Daga nan sai Shikago. Sa'a takwas da wani abu a sama, sannan dogon layin jami'an shige da fice. Abokina na lakwal, wanda ya yi shekaru yana aiki a can, shi ya zo ɗaukata, kuma tun kafin mu bar filin jirgin O'Hare komai ya juye. Ya ce motar tana ga-RAAJ. Da yamma ya kai ni wani gidan abincin 'yan Pakistan a titin Devon, inda ake samun naman halal, aka ce ba-FE ne. A ƙofar otal-otal an rubuta valet, yaran da ke karɓar makulli su ajiye maka mota, va-LE. Tsokar kifin nan ta Peckham ta zama fi-LE. A talabijin jami'in 'yan sanda lu-TE-nant ne, f ta ɓace.

Da dare 'yarsa, wadda aka haifa a can, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta mai daɗi, ta ce, "Baba, in kawo maka shayi? Akwai baƙi, akwai na ganye." Da ta juya tana tambayar mahaifiyarta da Ingilishi sai na ji ta ce erb, babu h. A Landan herb da h ɗinsa cikakke ake faɗa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin a nan Amurkawa ne suka riƙe tsohon abu. Kalmar ta shigo daga Faransanci ba tare da an furta h ba, mutanen Ingila ma haka suke faɗinta har cikin ƙarni na 19, sannan suka bi rubutu suka farfaɗo da h ɗin. A hour da honest da heir kuwa sun bar ta a kwance.

Amma garin da ke maƙwabtaka da filin jirgin, Des Plaines, Dez Pleinz suke ce masa, sun furta kowace s. Na ajiye wannan a raina.

Jirgin ƙasan da ke zuwa New Orleans yana tashi daga Union Station da misalin ƙarfe takwas na dare, tafiyar kusan kilomita 1,500. Mai hawa biyu ne, kujerunsa na kwantawa baya sosai, sanyin na'urarsa kuma ba wasa, wanda zai bi hanyar ya riƙe bargo. Na yi sallolina a zaune, na haura taragon da ke da manyan tagogi. Can na haɗu da wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta. Da hira ta kai mu ga wannan magana, ta ce ai su Amurkawa sun fi girmama Faransanci, tunda suna dannawa a ƙarshe kamar Faransawa.

Na ce mata rabin gaskiya ce. Bafaranshe ba ya dukan wata gaɓa ya bar wata, duk yana ba su haƙƙinsu daidai, sai dai ya ɗan ja ta ƙarshe idan magana ta zo gaɓar tsayawa. Ba'amurke ya ji wannan jan ya mai da shi duka, har wasalin farko ya narke, garage ta kusa zama graaj. Mutumin Ingila ya sa nauyi inda Bafaranshe bai sa ba, amma sau da yawa ya bar wasalin farko da lafiyarsa. A croissant ma, burodin nan mai siffar jinjirin wata, KWA-son na Landan ya fi kusa da abin da za ka ji a gidan burodi a Yamai fiye da kra-SANT na Amurka. Kuma tsarin ba ya tafiya a miƙe: a moustache, wato gashin baki, Ba'amurke ne ke dannawa a farko, na Ingila a ƙarshe, haka ma sau da yawa a magazine da cigarette. Ta yi dariya ta ce ba ta taɓa lura ba. A ganina, bambancin na zama ne. Ingila maƙwabciyar Faransa ce, kilomita 33 kacal tsakaninsu a mashigin Dover, sun yi yaƙi sun yi auratayya, Faransanci ba baƙo ba ne a wurinsu balle su yi masa shimfiɗa. A Amurka kuwa kalmar Faransa ta otal ce da gidan abinci mai tsada da kayan ado, shi ya sa ake lallaɓa ta.

Gari ya waye mana a Memphis. Ƙetaren kogin Misisipi jihar Arkansas ce, wadda majalisarta ta zauna a 1881 ta yanke cewa AR-kan-so za a riƙa faɗa, s ɗin ƙarshe a yi shiru da ita bisa rubutun Faransawa. Su ne Turawan da suka riƙa bin wannan kogi suna rubuta sunayen ƙabilun da suka tarar, shi ya sa ch ta Chicago da Michigan take fita sh, s ɗin Illinois kuma ba a jinta. Daga nan sai gonakin auduga fari fat ana girbi da manyan injuna, sai Greenwood, sai Jackson, sai ƙasa ta fara jiƙewa. Kafin mu shiga gari jirgin ya bi ta kan fadama, itatuwa tsaye cikin ruwa, tafkin Pontchartrain a hagu ba a hango ƙarshensa.

Faransawa ne suka kafa New Orleans a 1718, Napoleon ya sayar wa Amurka da ita tare da duk yankin Louisiana a 1803 kan dala miliyan 15. Na zo da zaton a nan ne zan ji sunayen Faransa da kamanninsu. Direban tasi ya gyara mini zama tun a tasha. Titin Chartres CA-tas ne. Titin Burgundy ba-GAN-di. Mutanen da ke cewa ba-LE da fi-LE cikin ladabi, su ne suka yi wa titunan unguwarsu abin da tsohon sojan nan ya nuna mini a taswirar Ingila. Sunan da kake faɗa kullum, wanda kake ba mai kawo wasiƙa da mai tasi, ba ya zama baƙo, ko a wace gaɓar teku kake.

Garin da zafi da laima, ƙamshin kofi da na kogi a haɗe, masu busa ƙaho a kowace kusurwa ta tsohuwar unguwa. A Café du Monde, wanda ke nan tun 1862, na ci beignet, ben-YE a bakinsu, tamkar fanke mai kusurwa huɗu da aka binne cikin garin sukari, duk ya ɓata mini gaban riga. Miyarsu da suke ji da ita gumbo ce, sunan da ya taho daga Afirka tare da bayi, gombo ɗin da muke karantawa a lakwal, kuɓewa. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, don galibi ana sa mata tsiren alade. Ni ta kifi da jatan lande na samu.

A wani benci a dandalin Jackson na zauna kusa da wani tsoho da ya zo daga wajen Lafayette ganin jikarsa. Ya ji ina waya da Faransanci, sai ya juyo ya gaishe ni da shi. Nasa Faransancin daban ne, mota char yake ce mata, kalmar "yanzu" kuma asteur, amma mun fahimci juna sarai. Ya ce da shi aka rene shi a gida, ranar da ya shiga makaranta bai san Ingilishi ba. Tsarin mulkin jihar Louisiana na 1921 ya sa Ingilishi ya zama harshen koyarwa, malamai kuma suka riƙa hukunta yaran da suka yi Faransanci ko a filin wasa. Shi an sa shi ya rubuta a allo sau ba adadi cewa ba zai ƙara yin Faransanci a makaranta ba. Da ya yi aure ya ƙi koya wa 'ya'yansa, don kada su sha abin da ya sha. A 1968 jihar ta dawo ta kafa hukumar CODOFIL don raya harshen, jikarsa yanzu tana makarantar da ake koyarwa da Faransanci, malamarta daga Senegal ta zo.

Abin ya taɓa ni matuƙa, domin na san wannan hukunci ta ɗaya fuskar. A lakwal ɗinmu wanda ya yi Hausa a aji ake rataya wa alama a wuya, ya yi ta yawo da ita har ya kama wani. Na faɗa masa haka, na kuma gaya masa cewa a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. Ya tambaye ni ko jikokina suna jin Hausa. Na ce suna ji, har suna yi mini gardama da ita. Ya nemi in koya masa gaisuwa, muka yi ta maimaita "ina wuni" da "lafiya lau" har jikar ta iso, ya sa ta gaishe ni da Faransanci, sannan suka kwatanta mini inda zan hau motar zuwa filin jirgi.