A Sawun John Muir, Daga Kwarin Yosemite Zuwa Hetch Hetchy

Ba a kwana a dajin Yosemite sai da takardar izini. Da wannan na fara cin karo lokacin da na ƙudurta bin wani yanki na hanyar da aka sa wa sunan John Muir, marubucin da ya yi fafutukar kare dazuzzukan Amurka, a tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya. Tsawon hanyar gaba ɗaya mil 211 ne, kusan kilomita 340. Tana tashi daga Happy Isles a gindin kwarin Yosemite, ta ƙare a ƙololuwar tsaunin Whitney mai tsayin mita 4,421. Ni ban ɗauko da zafi haka ba. Farkonta kawai na nema, daga kwarin zuwa fadamar Tuolumne. Duk da haka sai da na shiga ƙuri'a ta intanet tun saura kusan wata shida, domin kowace mashiga tana da iyakar mutanen da ake bari su wuce a rana.

Ranar karɓar takardar, jami'ar gandun ta tsayar da ni da abokin tafiyata ta zayyano mana dokoki. Abinci da sabulu da man goge baki, duk abin da ke da ƙanshi, a cikin wata gwangwanin roba mai tauri zai kwana, nesa da tanti, saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji. Ba a kafa tanti kusa da ruwa sai an ba da tazarar mita 30. Ba a hura wuta idan an haura ƙafa 9,600. In mutum zai kama ruwa ya tona rami ya binne, takardar da ya yi amfani da ita kuma ya ƙulle ta a leda ya dawo da ita gari. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, wannan daji ne ko asibiti?"

Shi kuwa mutumin da aka sa wa hanyar sunansa, da busasshen burodi da ganyen shayi yake shiga tsaunukan nan, wani lokaci ko bargo babu. An haife shi a garin Dunbar na Sikotlan a 1838, iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Wisconsin a Amurka a 1849. Mahaifinsa mutum ne mai tsanani a addini da aikin gona, da bulala ya sa shi ya haddace Sabon Alkawari gaba ɗaya da mafi yawan Tsohon Alkawari tun yana yaro. Da ya tasa sai ya zama gwanin ƙere-ƙere, har ya haɗa gado mai agogo wanda ke ɗaga mai barci ya tsayar da shi in lokacin tashi ya yi. Kowa ya ɗauka a masana'anta zai ƙare. A 1867, yana aiki a wata masana'antar kayan keken doki a Indianapolis, wani ƙarfe mai tsini ya suɓuce ya soke shi a idon dama. Ɗayan idon ma ya ɗauke, ya yi makonni a ɗaki mai duhu. Ganinsa na dawowa ya ajiye aikin, ya kama tafiyar ƙasa ta kusan mil 1,000 zuwa Florida, inda zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. A 1868 ya sauka San Faransisko, bai zauna ba ya nufi Yosemite.

Hawan farko daga Happy Isles ba wasa ba ne. Daga wajen mita 1,200 ake tashi, a wuce magangarar ruwa ta Vernal da ta Nevada, jaka na danne kafaɗa, gwangwanin beyar na tokarin baya. Da muka doshi tafkunan Cathedral, kusa da mita 2,900, numfashi ya fara yi mini gardama, kai na sarawa. Maganin abin shi ne rage sauri, da yawan shan ruwa, da cin abinci ko babu marmari. Alwalar asuba da ruwan da ya narke daga ƙanƙara kuwa, sai wanda ya gwada.

A can sama ne na ga abin da ya fara ɗaga sunan Muir. Akwai falalen duwatsu da in ka shafa za ka ji su sumul, suna ƙyalli in rana ta karkata. Durƙusa ka duba da kyau, sai ka ga siraran ƙarce-ƙarce a jikinsu, duk sun miƙe sun fuskanci gefe guda. A kan falalen kuma ga manyan duwatsu a zaune su kaɗai, kalarsu daban da ta wanda suke kai. Muir ya bi waɗannan alamu da ƙafa, ya ce tulin ƙanƙara ne mai tafiya a hankali ya goge dutsen, ya ɗauko waɗancan daga nesa ya yar, shi ne kuma ya sassaƙa kwarin Yosemite. Babban masanin duwatsu na jihar a lokacin, Josiah Whitney, ya ce ƙasan kwarin ne ya rufta, ya kuma yi wa Muir gori da cewa makiyayin tumaki ne kawai. Binciken François Matthes da ya fito a 1930 ya nuna koguna ne suka fara haƙar, ƙanƙara ta zurfafa ta faɗaɗa. Muir ya ɗan zuzuta rawar ƙanƙarar, amma ya fi Whitney kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Gorin kiwon yana da tushe. A bazarar 1869 Muir ya raka garken tumaki sama da 2,000 zuwa fadamar Tuolumne, ya ga yadda suke aske ciyawa da furanni har saiwa, su bar ƙura. Daga baya ya riƙa kiransu fara masu kofato. A 1889 ya kawo Robert Underwood Johnson, ɗaya daga editocin mujallar Century, suka kwana a wannan fadama, ya nuna masa ɓarnar. Suka raba aiki: Muir ya rubuta maƙaloli, Johnson ya bi 'yan majalisa a Washington. Ranar 1 ga Oktoba 1890 aka ayyana yankin a matsayin gandun ƙasa. A 1892 aka kafa ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club, Muir ya shugabance ta har ya mutu.

Fadamar yau kore ce shar, kogi na ratsa ta, barewa na kiwo ba ta damu da mutane ba. Da na samu sabis na aika wa kawuna hotonta, mutumin da ya tsufa a cikin tumaki, na ba shi labarin a taƙaice ta waya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, masu tumakin fa, ina aka kai su?" Sojojin dawaki ne suka tsare gandun daga 1891 zuwa 1914, a wasu shekarun har da rundunonin baƙar fata. Ba su da hurumin gurfanar da kowa a kotu, sai suka ɓullo da dabara: a fitar da makiyayi ta wannan iyaka, a kora garkensa ta waccan, tafiyar kwanaki a tsakani. Kafin ya haɗa kan dabbobinsa ya yi asarar da ba zai sake marmarin dawowa ba. Da na faɗa wa Kawu haka, cewa ya yi ai wannan ba sabon labari ba ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da Yankari.

Makiyayan ma baƙi ne. Kafin su akwai masu wurin. A gefen gidan tarihi na kwarin na tsaya kan wani dutse mai ramuka, an lotsa su sun yi santsi ciki kamar turmi. Matan ƙabilar Ahwahneechee ne suka yi su da dakan 'ya'yan itacen ok, zuriya bayan zuriya. A 1851 wata rundunar sa-kai da ake kira Mariposa Battalion ta shiga kwarin, ta ƙone rumbunan abincinsu, ta kore su tare da shugabansu Tenaya. Wasu sun dawo suka zauna suna yi wa masu otal aiki, har a 1969 hukumar gandun ta rushe ƙauyensu na ƙarshe. Shekara 17 ce kacal tsakanin zuwan rundunar da zuwan Muir. Ya ga ragowarsu, ya rubuta kalamai na raini a kansu, ya ce ba su dace da kyan wurin ba. A 2020 ita kanta Sierra Club ta fito ta amsa cewa ya yi waɗannan kalamai na raini. Masu kare shi suna cewa ra'ayinsa ya yi laushi bayan ya zauna da mutanen Tlingit a Alaska, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma hakan bai mayar wa kowa gidansa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, kyan da ya ruɗi Muir har yana cewa hannun mutum bai taɓa shi ba, akwai hannun mutum a ciki. Mutanen kwarin suna cinna wuta da gangan a lokacin da ya dace, don fili ya buɗe, itacen ok ya yi 'ya'ya. Da aka kore su aka hana wuta, sai itatuwa masu ganyen allura suka mamaye fadamun. Tsofaffin hotunan kwarin suna nuna sarari a wuraren da yau duhuwa ce. A kurmin Mariposa, inda manyan itatuwan sikoya suke, har da wadda ake ƙiyasta ta kusa shekara 3,000, na ga gindinsu baƙi ƙirin da tabon wuta. Zafin wuta na taimaka wa kwanson sikoya ya buɗe, irinta kuma sai a ƙasar da aka share yake tsira. Tun wajen 1970 ma'aikatan gandun suka koma cinna wuta da kansu. Da gobarar Washburn ta doshi kurmin a 2022, wannan sharar da aka riƙa yi na cikin abin da ya tserar da itatuwan.

Duk da haka ban iya raina mutumin ba. Ya san yadda ake shawo kan masu mulki, kuma dabararsa ɗaya ce: kada ka tsaya bayani a ofis, kai mutum ya kwana a wurin. A watan Mayun 1903 shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya bar tawagarsa ya yi kwana uku a daji tare da shi. Daren farko a ƙarƙashin sikoya, na biyu kusa da Glacier Point, inda suka farka dusar ƙanƙara ta rufe barguna. Muir ya cika masa kunne a bakin wuta. A 1906 kwarin da kurmin Mariposa, waɗanda ke hannun jihar tun 1864, suka koma ƙarƙashin gwamnatin tarayya.

Bayan mun sauko mun huta, muka hau mota zuwa Hetch Hetchy a arewa maso yammacin gandun, inda dabarar tasa ba ta ci ba. Kwari ne irin na Yosemite, da katangun dutse da magangarun ruwa. Bayan girgizar ƙasa da gobarar 1906, birnin San Faransisko ya matsa lamba a ba shi wurin ya datse kogin Tuolumne. Gifford Pinchot, shugaban hukumar dazuzzuka na farko, ya goyi bayan birnin. Da can abokin Muir ne, suka ɓata a kan batun barin tumaki su yi kiwo a dazuzzukan gwamnati. A ganin Pinchot, amfanin daji shi ne ya biya buƙatar mafi yawan jama'a ba tare da an cinye shi ba. Muir kuwa cewa yake akwai wuraren da darajarsu ta wuce a yi musu lissafin riba. Ya yi shekaru yana rubuce-rubuce yana tara jama'a, amma a Disambar 1913 shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar Raker, wadda ta ba birnin izinin datse kogin. Muir ya mutu da ciwon huhu a Los Angeles ranar 24 ga Disamba 1914. Zafin wannan kaye na cikin abin da ya ingiza kafa hukumar gandunan ƙasa a 1916.

Na taka kan madatsar da aka gina a kwarin, mai suna O'Shaughnessy, wadda aka gama a 1923 aka ƙara mata tsayi a 1938, na ratsa ramin da aka fasa cikin dutse, na bi gefen tafkin har magangarar Wapama. Ba a iyo a ciki, ba a sa jirgi, domin ruwan sha ne. Daga nan yake gangarawa da kansa mil 167 zuwa gidajen mutane sama da miliyan biyu da rabi. Wanda ya taso inda ake tashi da asuba a bi layin famfo ba zai yi saurin cewa Pinchot mugu ne ba, kuma ban ce ba. Sai dai akwai wasu wuraren da injiniyoyi suka nuna za a iya tara ruwan, wannan ne dai ya fi araha. Har yau akwai masu fafutukar a fasa madatsar a mayar da kwarin yadda yake. A 2012 an kai maganar gaban masu zaɓe na San Faransisko, ba ma batun fasawa ba, nazarin yadda za a yi kawai, kusan kashi 77 cikin 100 suka ce a'a.