Suna na uku a takarda: yadda na ɗora labarin cin amana a kan tarihin Afganistan

Labarin da na rubuta bai da tsawo idan an taƙaita shi. Malaman makaranta biyu ne a Kabul, aminan juna tun ƙuruciya, har ɗaya ya auri ƙanwar ɗayan. Wata rana aka kira ɗaya ofishin 'yan sandan ciki, aka ajiye masa takarda da biro, aka ce ya rubuta suna uku. Na ukun sunan amininsa ne, wan matarsa. Bayan kwana tara aka zo cikin dare aka tafi da aminin, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wanda ya rubuta sunan kuwa shi ya ɗauki nauyin matar da 'ya'yan, shekara 34 ana sa masa albarka. Babi 22 ne, kuma sau uku ina rushe shi ina sake gini. Abin da ya jawo rushewar farko shi ne ban tsayar da ranar da mutumin ya ɗauki biron nan ba.

A rubutun farko "zamanin Rasha" kawai na sa a kaina, na zuba sojojin Tarayyar Sobiyet a tituna, na kira hukumar da ta kama shi KhAD. Duka biyun kuskure ne ga lokacin da labarin ke buƙata. 'Yan gurguzu sun kifar da shugaban ƙasa Daud Khan ranar 27 ga Afrilun 1978, sojojin Sobiyet kuwa sai ƙarshen Disambar 1979 suka shigo. Wata ashirin ɗin da ke tsakani su ne lokacin da mutane suka fi ɓacewa ba labari, kuma 'yan ƙasa ne ke kama 'yan ƙasa. A zamanin Nur Muhammad Taraki, shugaban farko na gwamnatin 'yan gurguzun, sunan hukumar AGSA. Da Hafizullah Amin ya ture shi a Satumbar 1979 ta koma KAM. KhAD sai a 1980 ta zo, Najibullah na shugabantarta, Babrak Karmal na mulki.

Wani zai ce ai suna ne kawai. A'a, nauyin laifin ne ke canzawa da watan. Wanda ya ba da suna a Mayun 1978 yana iya cewa bai san inda abin zai kai ba. Wanda ya bayar a 1982 ya jefa mutum cikin azaba, wataƙila ma kisa, amma da yawa a lokacin an kai su kotu an yanke musu shekaru, iyalansu sun san inda suke. Wanda ya bayar a tsakiyar 1979 kuwa, bayan boren Herat na watan Maris, bayan na unguwar Chindawol a cikin Kabul a watan Yuni, ba shi da bakin cewa bai sani ba. Kowa ya ji labarin kurkukun Pul-e-Charkhi da ke gabashin birnin, kowa ya san motar da ta tafi da mutum ba ta cika dawowa da shi ba. Don haka na ajiye takardar a watan Agustan 1979, 'yan kwanaki bayan boren da sojoji suka yi a barikin Bala Hisar ranar 5 ga watan, lokacin da kame ya ƙara zafi.

Daga nan na zana jadawali mai layi uku, kuma duk wanda zai taɓa irin wannan aiki ina ba shi shawara ya fara da shi. Layin farko Miladiyya, na biyu kalandar rana da 'yan Afganistan ke aiki da ita a zamanin labarin, na uku Hijiriyya ta wata. Shekararsu tana farawa da Nauroz, wajen 21 ga Maris. Daga ranar zuwa ƙarshen Disamba a cire 621 daga Miladiyya, daga Janairu zuwa 20 ga Maris a cire 622. Mutumin Kabul ba zai ce juyin mulkin Afrilu ba, bakwai ga Saur na 1357 zai ce. Layi na uku ne ya ba ni kyautar da ban nema ba: Agustan 1979 ya faɗo cikin azumi. Sai ya zama mutumin da azumi a bakinsa ya rubuta sunan, kuma gab da sahur aka ƙwanƙwasa ƙofar. Jadawalin ya kuma hana ni wani abin kunya, domin na so in tura malaman hutu a watan. A Kabul makaranta daga Maris take buɗewa, dogon hutu na hunturu ne, saboda birnin yana kan tudu mai tsayin mita kusan 1,800, dusar ƙanƙara na rufe shi.

Rushewa ta biyu a kan dalili ne. Da farko na sa an jona masa lantarki kwana uku kafin ya buɗe baki. Duk wanda ya karanta sai ya yafe masa tun babi na huɗu, labari ya mutu a nan. Na juya na sa hassada ce zalla, sai ya zama mugu wanda ba mai son zama da shi babi 22. Abin da ya zauna shi ne na tsakiya. Mari biyu aka yi masa, aka bar shi awa shida a ɗaki yana jin ihun wani ta bango. Akwai kuma tsohon bashi tsakaninsa da aminin, na kuɗin gyaran rufi, wanda aka taɓa yi masa gori a kai gaban mata. Ya gaya wa kansa ai sunan yana hannunsu tuntuni, tunda an san mutumin ba ya rabuwa da masallaci, kuma a lokacin da zarar an laƙa wa mutum "Ikhwani", wato ɗan 'Yan'uwa Musulmi, ko "Shola'i", wato mabiyin Mao na China, magana ta ƙare. Shi kansa bai san wanne daga cikin ukun nan ya motsa hannunsa ba, tsoro ne, ko gorin ne, ko lissafin. Ban warware masa ba har ƙarshe.

Nadama kuma ba ta karantuwa idan kuka da mafarki aka cika ta da su. Na cire shafi wajen 30 na mutumin yana juyi a kan shimfiɗa. Na sa wa kaina doka: sau uku kacal zai tuna takardar ƙarara a duk littafin. Sauran sai a gani a hannunsa. Kowane farkon wata buhun fulawa da gwangwanin mai, kafin sanyi ya sauko itace da gawayi. Ana ba shi shayi a gidan, yana karɓa, yana riƙe da kofin har ya huce, bai taɓa kurɓa ba. A ƙasar da ƙin shayin mai gida abin magana ne, wannan ya isa matar ta lura, ta kuma fassara shi da tsananin alhini. Wurin da ya fi yi mini aiki shi ne sandali, wani gajeren teburi da ake sa kaskon garwashi a ƙarƙashinsa, a lulluɓe da ƙaton bargo, kowa ya zura ƙafafu. Mutum yana zaune ƙafarsa na gugar ƙafar yaron da ya mayar maraya, yaron na tambayarsa lissafi. Ba sai na ƙara kalma ba.

A Janairun 1980 gwamnatin Karmal ta yi afuwa ta buɗe Pul-e-Charkhi, jama'a suka yi dafifi a ƙofa, da yawa suka koma gida ba nasu. Na kai shi can tare da matar aminin, cikin sanyi, yana duba fuskokin masu fitowa. Yana addu'a ya fito, yana kuma tsoron ya fito, domin mai yiwuwa an nuna masa rubutun hannun. Babin nan shafi bakwai ne, shi ne ƙashin bayan littafin.

Sai batun sunayen dangi, inda Bahaushe ke da tarko na musamman. A Dari, wato Farisancin da ake yi a Afganistan, "kaka" ƙanin uba ne ko wan uba, kuma da shi ake kiran duk namiji babba don girmamawa. "Mama" kawu ne, ɗan'uwan uwa, namiji. "Khala" 'yar'uwar uwa, "ama" gwaggo. Yaran mutumina suna tambaya ina mamansu ya tafi, mai karatun Hausa ya ɗauka uwa ake nema. Hanyar da na bi ita ce in bar kalmar Dari a cikin zance kawai, in bayyana ta sau ɗaya ta bakin labari, daga nan in yi ta amfani da kawu da baffa a wajen zance. "Jan" kuma ana liƙa shi bayan suna don ƙauna, kusan ba a kiran na gida ba tare da shi ba. Ranar da matarsa ta kira sunansa tsirara, babu jan, mai karatu ya riga ya saba har zai ji faɗuwar.

Akwai babi guda da na ji zafin cirewa. Na karanta al'adar ƙabilar Pashtun ta nanawatai, inda mai laifi ke zuwa gidan wanda ya cuta da dattawa da rago yana neman afuwa, na ga ta yi daidai da labarina, na rubuta ta. Amma mutanena 'yan birni ne masu jin Dari, malaman boko, ba 'yan ƙauyukan lardin Paktia ba. Ɗora musu wannan kamar a ɗora wa ma'aikacin banki a Kano sharo ne. Abin da na riƙe daga ɓangaren Pashto, harshen Pashtun ɗin, kalma ɗaya ce, "tarbur", ɗan baffa, wadda kuma take nufin abokin gaba saboda rigimar gado. Wannan kam mai karatunmu ba ya buƙatar dogon bayani, ya san 'yan'ubanci. Na ba wa maƙwabcinsu ita.

Matar da aka bari ta kusa zame mini wani kuskuren. Hannuna ya tafi kai tsaye ga abin da na sani na Malikiyya, cewa matar wanda ya ɓace tana jira shekara huɗu, ta yi idda, ta iya aure. Yawancin 'yan Afganistan Hanafawa ne, kuma tsohon ƙaulin mazhabar shi ne ta jira har sai sa'o'in mijin sun ƙare. Ko an sami malamin da zai sassauta, dangi da unguwa ba su cika sassautawa ba. Ga shi ba gawa, ba zaman fatiha, ba sadakar arba'in. Ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba. Da na gyara wannan, laifin mutumin ya ninka ba tare da na ƙara masa komai ba: bayan rai guda, ya kuma daskarar da rayuwar mace mai shekara 26.

Rushewa ta uku birnin ne. Na cika Kabul ta 1984 da kangaye, alhali a shekarun Sobiyet ƙauyuka ne suka sha bama-bamai, babban birnin yana tsaye, ana zuwa makaranta, ana layin fulawa. Sojojin Sobiyet sun gama fita ranar 15 ga Fabrairun 1989, Najibullah ya riƙe mulki har Afrilun 1992. Bayan faɗuwarsa ne rundunonin mujahidai suka juya wa juna, rokoki suka yi ta sauka, yammacin birnin ya zama kufai. Gidajen mutanena a unguwar Karte Char suke, a yamman, don haka a 1993 na fitar da su ta Jalalabad da Torkham zuwa Peshawar ta Pakistan. Can gida biyu suka koma ɗaki biyu na haya, mai laifin ya zama uba a zahiri, shi ne ma waliyyin auren 'yar mamacin. Shigar Taliban Kabul a Satumbar 1996 da ficewarsu a Nuwambar 2001 babi ɗaya na ba su, ta rediyo aka ji. Na san mai karatu na jiran su, amma ba su da hannu a takardar.

Ƙarshen kuma tarihi ne ya miƙo shi. A Satumbar 2013 masu gabatar da ƙara na ƙasar Holan suka wallafa jerin sunaye kusan 5,000 na waɗanda aka kashe a 1978 da 1979, gwamnatin Hamid Karzai ta ware kwana biyu na makoki, iyalai suka yi zaman fatihar da suka yi shekara 34 suna jira. Ɗan mamacin ne ya ga sunan a intanet, haɗe da sunan kakansa, tunda da sunan uba ake bambance mutum a can. Abin lura shi ne jerin ya faɗi wanda aka kashe, bai faɗi wanda ya ba da shi ba. Asirin mutumina bai tonu ba. Idan zai yi magana, da ƙafarsa zai je.

Na gwada ya gaya wa ɗan, sai babin ya koma dambe da ihu. Na gwada matar mamacin, sai ya zama kamar yana neman ta sauke masa kaya ne bayan duk wanda ya ɗora mata. Na tsaya a kan matarsa, ƙanwar mamacin, daren da aka tashi daga fatiha, tana jera kofunan da aka wanke. Ya gaya mata komai: marin, ihun, biron, suna uku. Na daɗe ina neman abin da za ta ce, na rubuta tsinuwa na goge, na rubuta shiru na goge. Abin da ya fito daga bakinta a ƙarshe tambaya ce: "Sauran biyun su waye?"

Sai da na rubuta layin na ga cewa ni ma ban sani ba. Babi 21 na yi ina kai fulawa gida ɗaya, ban taɓa waiwayar sauran gidaje biyun ba, kamar yadda shi ma bai waiwaya ba. Na koma babi na huɗu na ba su fuska: ɗaya mai gadin makarantar ne, ɗaya ɗalibin aji 12 da ya taɓa yi masa gardama a kan maki. Layi biyar-biyar na ba kowannensu a can, ban sake ambatonsu ba sai a bakin matar.