Mai likkafani ya cinye min sati uku

Sati uku ina buga gem ɗin Spelunky a tsohuwar kwamfutata, ɗakinmu na Unguwar Rimi, kafin na taka Temple, wato duniya ta huɗu. Wanda ya san gem ɗin ya san abin da nake nufi: ka mutu, ka koma 1-1, wato matakin farko na duniyar farko, babu sassauci. Duniyoyi ukun farko, ramin ma'adinai, daji, kogon ƙanƙara, duk na wuce su daren nan kamar wasa. Na shiga 4-1 da layif bakwai da bam shida. Bam shida fa!

Sai na hango shi a wani siririn lungu. Ƙato, an naɗe shi da tsumma tun daga kai har ƙafa, yana jan jiki kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ƙanena shi ya raɗa masa suna mai likkafani. Yana bayana yana cin gyaɗa, ya ce, "Yaya, jefa masa bam ka wuce." Na ce bam na ajiye wa Olmec ne, babban dodon da ke 4-4, wannan kuwa bulala ta ishe shi.

Na sauka gabansa, na zuba masa bulala ɗaya. Ya buɗe baki ya yi aman ƙudaje, tuli guda, suka cika lungun. Sama rufi, baya bango. Kafin in ɗaga yatsa daga madanni layif bakwai sun tafi. Gawata na kwance, bam shida na aljihu, ko ɗaya ban taɓa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san ba a tsayawa gaban abin da ke harbi a miƙe. Tarkon kibiya ya koya min wannan tun ranar farko. Amma tafiyarsa ta yaudare ni, na raina shi. Ashe jinkirin nan ba rauni ba ne, ba ya bukatar gudu tunda amansa na isa nesa.

Yanzu in na gan shi, sai in nemi sama. In da rami a kansa, in sako bam in ja baya. In babu, in fasa ƙasa in bi wata hanya, ya ƙarata can. Ban kuma sake yin rowar bam ba, Olmec ɗin ma ba dole sai da su ake kai shi cikin narkakken dutsen da ke kashe shi ba.

Gajeriyar hanyar zuwa Temple ban buɗe ta ba har yau, don sai ka ɗauko mabuɗin zinariya tun daga ramin ma'adinai ka kai wa mutumin da ke haƙa hanyar. Saboda haka kwana tara na ƙara kafin na sake ganin lungu irin wancan. Ƙanena kuwa har gobe in na shigo gida sai ya tambaye ni, "Yaya, bam ɗin nan shida, suna nan lafiya?"